Ƙararrawar Jirgin da Kotu ta Tsare

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Pyo na 'yan sandan ruwan Busan waya: an sace ƙararrawar tagulla ta jirgin Marisela.

Kowa a tashar jiragen ruwan nan ya san Marisela. Tun bara ya yaga ragar masunta, suka kai ƙara, kotu ta tsare shi a tsakiyar ruwa. Mai jirgin ya kashe waya, ya yi ɓatan dabo. Ma'aikatan kuwa baƙi ne, ba su da izinin taka ƙasa. Ƙarfe aka kama, amma mutane ke zaman kaso, abin tausayi.

Baba Byon, mai gadin da kotu ta ajiye a jirgin, shi ya kai rahoton.

"Masu gwanjo na tafe su duba kaya, Yallabai. Gara in faɗa tun wuri. Waɗannan baƙin, hannunsu ba ya zama wuri ɗaya."

Da Pyo ya isa jirgin, tun kafin ya zauna, Rodel, kukun jirgin, ya miƙo hannuwa biyu.

"Ni na sata. Sa min ankwa."

"Tana ina?"

"Na jefa teku."

"Da me ka kwance ta?"

"Da wuƙa."

"Wuƙar albasa ce ke kwance noti yanzu?"

Rodel ya sunkuyar da kai. "Matata ta haihu, 'yar har ta fara tafiya ban gan ta ba. An ce wanda kuka kama, in ya gama zaman gidan yari kukan mai da shi ƙasarsu."

"Ƙarya yake yi, ni ne," in ji Kyaftin Sutrisno daga bakin ƙofa.

Pyo ya dubi kumburarriyar ƙafarsa. "Da wannan ka hau matakala, Kyaftin?"

Kafin azahar duk ma'aikatan sun amsa laifin. Tun da Pyo ya fara aiki bai taɓa ganin ana rububin ankwa ba, kuma abin bai ba shi dariya ba.

Ya sauka wajen Kawu Ma, mai kwale-kwalen da ke kawo musu abinci.

"Wa ke fita daga jirgin nan?"

"Byon kaɗai, duk sati, da tulun kimchinsa, tsumammen kabejin nan da yake ci. Yakan zo cike ya koma fanko. Amma wancan satin, fankon nan ya kusa karya min ƙugu."

Pyo ya koma sama.

"Baba, wane irin kabeji ne ke ƙara nauyi bayan an cinye shi?"

Byon ya amsa. "A tulun na fitar da ita, masu gwangwan na sayar wa. Gani na yi jirgin ba mai shi. Na ɗauka ɗayansu zai karɓi laifin, ya samu hanyar gida, kowa ya huta."

Ankwa ta yi ƙara a hannun tsohon. Aka gangara da shi kwale-kwale, ma'aikatan sun yi layi suna kallonsa da hassada ƙarara.

"Yallabai, mu fa?" in ji Rodel.

Pyo ya kasa haɗa ido da shi. "Ku ba ku yi laifin komai ba."

Kawu Ma ya tada inji, suka nufi tudu.