Gilashin Auta

Gab da magariba Dogo ya koma shago, ya ce wa maigadi wayarsa ya manta. Ƙarya yake yi, wayar tana aljihunsa. Maigadi yana alwala, ko ɗago kai bai yi ba ya miƙa masa makulli.

Aikin shagon haɗa gilashin taɓawa ne, irin wanda ake liƙa wa lifta mai hawa bene da injin wanki a maimakon madannai. Gilashi ne sumul, amma a bayansa akwai wani ɗan inji kamar ƙwayar wake. In ka danna sai ya ɗan zunguri yatsanka, ka ji kamar madanni na gaske ka latsa. Daidaita wannan zungurin shi ne sana'ar Dogo. Ido a rufe ake gwajin, don a ƙa'idar shagon ido yana ruɗin mutum, yatsa ne alƙali. Shekara da shekaru ba gilashin da ke fita sai yatsan Dogo ya amince da shi.

Sai ga Auta, ƙaninsa ciki ɗaya, wanda shi da kansa ya kawo shagon ya koya masa riƙon sukundireba. Yanzu bakin kowa Auta. Injiniya mai shagon in ya taɓa aikin Auta har wani lumshe ido yake, wai gilashin kamar mai rai. Gobe masu lifta za su zo ganin samfuri, kuma Injiniya ya faɗa a gaban kowa cewa in na Auta ya burge su, teburin gwaji ya zama nasa. Dogo ya yi murmushi har da tafi, alhali a ciki kamar ya haɗiyi garwashi. Hassada ce, ya san sunanta sarai, kuma bai ji kunyarta ba.

Bai kunna fitila ba. Ɗan hasken da ya rage a taga ya ishe shi. Shagon yana warin dalma da ƙonanniyar roba, fanka ta tsaya, sai wani famfo da ke ɗiga a bayi. Gilashin Auta yana kwance a kan tebur, an lulluɓe shi da farin ƙyalle kamar wani ɗan gata.

Ya yaye ƙyallen, ya cire wayar wuta daga soket, ya kife gilashin. Ya kwance ɗan injin ya jefa aljihu, ya mayar da murfi. Gobe baƙi su danna su ji gilashi shiru kamar faranti, a ga ta inda Injiniya zai lumshe ido.

Da ya tafi a lokacin, da shi ke nan. Amma hannun mai sana'a ba ya barin gilashi bai gwada ba. Ya rufe ido kamar kullum, ya ɗora yatsa.

Gilashin ya zungure shi.

A hankali, da taushi, da ɗumi. Tunda yake aikin nan bai taɓa jin amsa mai daɗi haka ba. Abin da ya fara zuwa masa ba tsoro ba ne, haushi ne. Wato haka aikin yaron nan ya kai? Sai a bayan haushin ya tuna ɗan injin yana aljihunsa, wayar wutar kuma tana ƙasa.

Famfo ya daina ɗiga.

Wani abu yana shafa yatsansa daga cikin gilashin. Yana bin zanen fatar a hankali, kamar makaho yana laluben fuskar ɗan'uwansa. Wani ƙamshi ya taso, na turaren da ya daɗe a rufe a akwati.

Shafar ta tsaya. Ɗumin ya koma sanyi.

"Ba shi ba ne," in ji wata murya, ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa.

Ya ja hannu. Yatsan ya ƙi fita.

Ya buɗe ido. A ƙarƙashin gilashin, inda ko takarda ba za ta shige ba, ga wani yatsa manne da nasa. Yatsan siriri ne mai tsawo, gaɓoɓinsa sun yi yawa.

"Ina Auta? Me ka yi masa?"

Sanyi ya haura masa har gwiwar hannu. Teburin ya fara karkarwa, sukurori suna zubowa ƙasa.

Da ƙyar a'uziyya ta fito. Ya dafe tebur da ƙafa, ya fizga da dukan ƙarfinsa. Ya ji fata ta yage.

Bai san yadda ya kai ƙofa ba. Maigadi dai ya ce ya ga mutum ya wuce shi ba takalmi, jini na bin hannunsa.

Washegari masu lifta suka zo. Dogo yana gefe da hannu a naɗe, ya ce ƙofa ce ta datse shi. Suka danna gilashin da babu inji a cikinsa, suka dubi juna suna gyaɗa kai, babbansu ya ce bai taɓa jin irinsa ba. Aka ba Auta tebur. Ya zo ya durƙusa a gaban Dogo yana cewa, "Yaya, duk koyarwarka ce."

Ciwon ya warke, amma yatsan ya mutu. Ko allura aka soka masa ba ya ji, sai aka mayar da shi ɗaure kwalaye. Daga can yake hango Auta kullum da yamma, ido a rufe, yatsa a kan gilashi, yana murmushi shi kaɗai. Ya san ya kamata ya ja shi gefe ya gaya masa. Sau da yawa yakan buɗe baki, sai ya tuna taushin nan na farko, wanda aka yi masa bisa kuskure, maganar ta maƙale. Har aljani ma, da ya tashi zaɓe, Auta ya ɗauka.