Kukan da Aka Ɗauko Daga Tabki

Mushe Abdurrazak, kamar yadda ake kiran malaman boko a can, malamin lakwal ne a Tanout, mutum mai hankali, sai dai Allah ya jarabce shi da son tsuntsaye. Da zarar damina ta cika tabkin bayan gari, sai ya rataya madubin hangen nesa a wuya, ya je ya zauna cikin ciyawa yana kallon zalɓe da kirinjijiya kamar an ba shi kiwonsu. Makiyaya kan kore shanunsu tun rana ba ta yi ja ba, don kowa ya san magariba a bakin ruwa ba ta ɗan Adam ba ce. Shi kuwa, bawan Allah, lokacin ne yake gyara zama.

Wata yamma ya ji wani siririn kuka daga cikin bagaruwar da ruwa ya ci gindinta, kukan da bai taɓa ji ba. Ya duba, ya duba, bai ga mai shi ba. Sai ya ɗauke shi a waya, ya taho gida yana murna.

Kashegari da almuru, matarsa Tabawa tana kwashe tuwo, ya kunna wa ƴarsu Zuhaira kukan. Yarinya ta yi dariya, ta ce a sake, aka sake. Sai kaji suka yi tsit. Hayaƙin murhu ya miƙe ya tsaya cak. Can dutse ya faɗo bisa kwanon ɗaki, wani ya biyo shi. Abdurrazak ya ɗauki guda, ya ji shi jiƙe sharkaf da baƙar laka, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Zuhaira ta buɗe baki za ta kira uwarta, sai kukan nan ya fito daga maƙogwaronta.

Tun daga ranar magana ta ɗauke mata. Likita ya duba, bai ga kome ba. Kowace magariba jifa, da wata murya a bayan katanga mai kiran wani suna da ba a ganewa. Tsoro ya cinye Abdurrazak, wallahi har abinci ya fita ransa, kada ya mutu bai ƙara jin ta ce Baba ba.

Tabawa ce ta aika garin Gangara aka zo da Malam Dado, wani tsoho masanin Alƙur'ani. Ya zauna gaban yarinya ya yi ta karatu a hankali har jifan ya tsaya. Zuhaira ta ɗago kai, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me ta yi miki?"

"Ni ce mai tabkin. Ɗana ne ya ɓace yana kirana, wannan mutum ya kwashe muryarsa ya sa a aljihu. Har yau yaro bai yi magana ba. Na ɗauki ta ƴarsa. Ina laifina?"

"Bai sani ba ne. Za a mayar miki."

"A mayar, a haɗa mini da idanunsa."

Malam Dado ya daka mata tsawa. "Ki ji tsoron Allah! Ba ke kika ba shi su ba."

Sannan ta ce, "To, ya riƙe. Amma duk mai fiffike da ke shan ruwana, ya gama ganinsa."

"Na yarda," in ji Abdurrazak, tun Malam bai waiwayo ba.

Da yamma ta zagayo, shi da Malam suka tsaya bakin tabki, ya kunna kukan. Wani abu ya amsa daga cikin bagaruwa. Da ya duba waya, babu kukan, kamar ba a taɓa ɗauka ba. Yana shiga gida Zuhaira ta ce, "Baba, ƙishirwa nake ji." Nan ya durƙusa ya yi ta kuka.

Da wata damina ta zo, suna tsakar gida da hantsi, Zuhaira ta yi tsalle tana nuna sama. "Baba, kirinjijiya! Ga su nan za su tabki!"

Yana jin fitonsu, yana jin kaɗawar fiffike daidai kansa. Ya ɗaga madubi ya bi sama kaf, ba kome sai gajimare. Ya cire igiyar daga wuyansa ya rataya mata.

"Faɗa mini yadda suke, ƴata," ya ce. "Yi ta faɗa, kar ki yi shiru."