Ganyen da Mai Famfo Ya Sare

Ranar da famfon lambu ya fashe Auta ta fara ganin saurayin da ya zo gyara. Tana tsugune tana kafa wa furannin gladiyolas sanda kada iska ta kwantar da su, shi kuwa mai gyaran ya saki baki yana kallonta har ruwa ya cika masa takalmi.

"Malam, gyara ka zo yi ko wanka?"

Sai ta fashe da dariya. Rabonta da dariya tun rasuwar mahaifiyarta. Yayyenta sun watse, gidan daga ita sai Baba, sai furannin da marigayiyar ta bari. Su take yi wa hira.

To, kun san zuciya. Kafin furen ya ƙare, ya zama Mai Famfona, ita kuma Autata.

Sai neman suna ya ja shi. Wata safiya tana kasuwa, ya ga ganyen duk ya yi buzu-buzu, ya sare shi tas, wai gyara. Bai san ganyen ne ke ciyar da albasar furen a ƙarƙashin ƙasa ba.

Baba ya daɗe tsaye a kan fegin.

"Wanda ya kasa jiran ganye ya bushe, shi zai riƙe mini 'ya? Kada in ƙara ganin ƙafarka."

Da Auta ta tona, albasar duk ta tsotse, sai 'yan ƙwayoyi kamar wake. Ta raba biyu, ta aika masa rabi da saƙo:

"Zurfin yatsa, ruwa kaɗan. Sai sun shekara biyu suke fure. In ka gaji, ba sai ka faɗa mini ba."

"Autata, zan jira."

Shekara biyu ba wasa ba, 'ya'yana. Ɗan aminin Baba ya yi ta sintiri da mota yana neman aurenta har ya haƙura. Nata rabon kuwa ruwa ya kwanta a fegin, ya ruɓe. Ta rasa abokan hira.

Ran nan sai ga sallama. Mai Famfo ne rungume da tsohon bokiti, jan fure ɗaya tsaye a ciki, an kafa masa sanda, ganyensa cif.

Baba ya shafa ganyen.

"Jan furen uwarki ne, Auta." Ya share ido. "Kai kuma, famfon kicin na ɗiga. Shigo."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Bokitin yana lambun Baba, kullum da yamma su uku suke ba shi ruwa. Allah ya bar su tare, ya yawaita iri.