Shuɗin Fenti a Kunnen Lauratu

Ana dab da kiran magariba, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gidan Malam Rabo na Pauwa, sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗaki. Aka ce yara ne. Ta biyu ta faɗa cikin tukunyar miya. Kaji suka yi tsit.

Inusa, ɗan gidan da ke jami'a a Zariya, ya ja tsaki. Shekara guda ke nan yana yawo da takalmin roba da littafi a hammata, wai nazarin halittu a mazauninsu. Ya auna ruwan fadamar Mairuwa, ya ƙirga itatuwan dajin Sabuwa, ya ƙare a duwatsun Faskari yana kama rema da tarko, ya shafa mata shuɗin fenti a kunne ya sake ta, don ya gane wadda ya taɓa kamawa. Digirinsa duka yana cikin littafin nan. Mutanen garinsu kuwa, a ganinsa, ban da tsoro ba su iya komai ba.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu ƙanwarsa Lauratu tana tankaɗe, ta yanke jiki ta faɗi. Da aka ɗago ta, kunnenta na hagu ya yi shuɗi. Sabulu bai fitar ba. Gwangwanin fentin kuwa yana kulle a akwatin Inusa.

Aka ɗauko Malam Gide mai ruƙiyya daga Ƙanƙara. Ya zauna kan buzu yana karatu a hankali, har Lauratu ta tashi zaune ta yi dariya da muryar tsoho.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Makiyayi ne ni. Remayen dutsen can garkena ne. Wanga mai takalmin roba ya yi wa dabbobina shaida, ya rubuta su a takarda kamar gadon ubanai. To, ni ma na yi wa tashi shaida. Tawa ce."

"Ka ji tsoron Allah. Yarinya ba ta ci maka komi ba. Mi kake so?"

"A ƙone takardar a gabana, in tahi."

Kowa ya juyo ga Inusa. Abin kunya, ɗan boko ya rungume littafi yana inda-inda. "Baba, aikin shekara ne. Ko in kwahe lissahin tukuna?"

Malam Rabo kallonsa kawai ya yi, irin kallon da ake yi wa hatsin da ya ruɓe a rumbu. Inusa ya jefa littafin a murhu.

Muryar ta sake dariya. "Kai Malam, dubi abin da yake wa kuka! Arba'in ya rubuta, alhali sun hi ɗari ukku. Gurguwa guda sau shidda tana goge fentin a dutse tana komawa ta ci gyaɗar tarkonai." Sai Lauratu ta yi atishawa, ta sulale.

Da ta farfaɗo, kunnenta fes. Inusa ya matso da ruwa a moɗa, yana cewa sannu.

Ba ta karɓa ba. Ta ce, "Yaya, ina jin komi hwa. Na ji lokacin da ka tsaya shawara."