Mai Kallon Sama

Tela ne, babur ya kayar da shi, aka kwantar da shi a ɗakin masu karaya da ƙafa ɗaya a rataye, ba juyi ba tashi. Wanda ke kwance rigingine kuwa ba shi da abin kallo sai silin. Nan da nan ya haddace duk abin da ke can: fanka, fitila, ƙarfen labule, da wata saƙar gizo-gizo a lungun da ke saitin kansa.

A haka ya fara ganinta. Ta shigo da doguwar sanda mai tsumma a baki, takunkumi ya rufe mata hanci, idonta a sama. Aikinta ke nan a asibitin, duk inda hannu ba ya kaiwa nata ne: saman kabad, bayan fitila, fukafukan fanka. Ta goge ɗakin kaf, ta tsallake lungunsa.

"Malama, kin manta da maƙwabcina," ya ce, yana nuna gizon da baki.

Ta gaya masa ba mantuwa ba ce. Ba a goge sama alhali mai rauni na ƙasa, ƙurar a kan ciwon za ta sauka. Sai an janye gado, nasa kuwa likita ya hana a motsa shi.

Washegari ya ce mata gizon ya yi aure. Da aka kwana biyu ya ce an samu ƙaruwa. Ta ce ya yi musu barka. Yarinyar nan har addu'a take yi kafin ta shiga ɗakin, Allah Ya sa ta tarar yana barci, amma ina. Ta sa masa suna Mai Ƙorafi, shi kuma ya sa mata 'Yar Sama.

Ranar da aka sauke ƙafar aka janye gadon, shara ɗaya ta yi wa saƙar ta ɗauke ta. Ya yi tsuru-tsuru, hujja ta ƙare. Sai ya ce tunda ta raba shi da abokin hira, adalci shi ne ta ba shi lambarta. Ta harare shi, amma ta bayar.

Bayan an sallame shi ya rubuto mata:

"'Yar Sama, silin ɗin gidanmu ba daɗin kallo. Ba wanda ke wucewa ta ƙarƙashinsa yana hararata."

Ta mayar masa: "Ka sha maganinka, Mai Ƙorafi. Ka kuma daina tsayawa a kan ƙafar nan, na san halinka."

Magana ta yi nisa, har ta kai ta je dubiya gidansu tare da yayarta. To, a nan aka samu matsala. Wuyan yarinyar nan ya riga ya saba, ko gidan wa ta shiga sai idonta ya haura sama, ba da saninta ba. Ta durƙusa ta gaida Maman tela da ladabi, amma kan ya ƙi zama. Ta sunkuyar, ya ɗago. Ta sake sunkuyarwa, ya sake ɗagowa.

Suna fita Mama ta ce ba da ita ba. Yarinyar da za ta shigo gidan surukai tana ɗaga hanci sama, kamar ana mata wari? Ga 'yar aminiyarta nan, wadda tun tasowarta ba a taɓa ganin goshinta ba saboda kunya, ita za a nema masa. Baba ya buɗe baki zai sa magana, ta dube shi, ya mayar da abin hamma.

Shi kuma tela, da ya tashi gyara, sai ya ce, "Wallahi Mama ba girman kai ba ne. Dattin fankarki take kallo."

Ku ji ɗan yau. Mama ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa. Kuma don ya cika aikin, ya kwashe duk yadda aka yi ya rubuta wa yarinyar, yana jiran yabo.

Amsa ta zo: "Ka ce wa mahaifiyarka na ce gidanta da datti? Allah Ya ba ka lafiya, don na ga ba ƙafar kaɗai ta bugu ba."

Daga nan ta daina ɗaukar wayarsa. Ya yi ta turo saƙo, tauraruwata, hasken idona, har yayarta ta gaji da ƙarar wayar ta ce ko ta amsa ko ta kashe. Da ƙyar Baba ya lallashi Mama ta yarda yarinyar ta sake zuwa, sau ɗaya tak, daga shi ba ƙari. Ita kuwa da ta huce, ta rantse ko rufin gidan zai faɗo ba za ta ɗaga kai ba.

Ranar da za ta zo, Baba ya kai tela asibiti a duba ƙafa. Mama ta ga gida ba kowa, ta tsaya ta ƙare wa fankar kallo, abin ya ci mata rai. Ta jawo tebur ta hau da tsumma, ta goge iya gogewarta. Daga can ta hango saman kabad, wanda ya fi fankar muni. Ta dafa, ta yunƙura, ta haye ta zauna, teburin kuwa ya zame ya bar ta. Ga ta a sama, ƙafafu na reto.

Sai ga sallama. Yayar ta tsaya amsa waya a ƙofar gida, yarinyar ta shigo ita kaɗai, ido a kan yatsun ƙafarta. Ta durƙusa a tsakar ɗaki ta shiga gaida dardumar ƙasa: an wuni lafiya, ya gida, ya mai jiki. Ta dai ji muryar kamar daga sama take saukowa, amma ta ce a ranta jarrabawa ce.

"Ɗago kanki," in ji Mama.

"A'a Mama, nan ma ya yi."

"Na ce ki ɗago."

"Wallahi na daina, Mama. Ki yi haƙuri."

"Ke 'yar nan, ki dubi sama don Allah, ƙafata ta fara sanyi!"

Ta ɗago. Allah Ya taimake ta ba ta yi dariya ba. Ta turo teburin ta danne shi da gwiwa, ta ba Mama kafaɗa, tana cewa a hankali, dama tukuna, kada ki kalli ƙasa. Da Mama ta sauko, yarinyar ta karkaɗe mata zani, ta kawo mata ruwa.

Mama ta sha, ta numfasa, ta ce, "Me kika gani?"

"Ban ga komai ba, kaina a ƙasa yake."

Can Mama ta nuna fankar da haɓa. "Ta fita?"

Yarinyar ta saci kallo. "Saura fiffike ɗaya, Mama."

Mama ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, sannan dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Da su Baba suka dawo ta ce masa ya sanar da 'yan'uwansa su je neman aure. Tela ya tambayi abin da ya faru, ta ce ya rufe mata baki, bakinsa ne ya jawo komai tun farko.

Aka ɗaura aure, dangi suka cika gida. Mama da kanta ta kama hannun amarya, ta ce ta samu 'ya mai faɗa mata gaskiya mai kuma rufa mata asiri, shi kuma wancan, Allah Ya ba 'yar mutane haƙurin zama da shi. Kowa ya ce amin, ango ma ya ce amin, da ƙarfi. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya raba su da zaman asibiti sai dai don aiki.