Ɗalibin Kujerar Baya

"No llores... ma'ana kada ki yi kuka!" Nisrin ta faɗa tana rubutawa a allo, alhali nata idon ya riga ya ciko.

Darasin hani take koyarwa a ajin Sifaniyanci na yamma a Tituwan ta ƙasar Maroko. A ɗauko aikatau irin hablar, a sa no a gaba, a ce no hables. Abu ne mai sauƙi, sai dai ga budurwar da aka gaya wa da safe cewa wanda take so a ɓoye zai tsallaka teku zuwa Almeriya ta ƙasar Sifen, aikin gonar tumatir.

Lubna, 'yar ƙanwar mahaifiyarta, ita ta kawo labarin har da murmushi. Lubnar da ta daɗe tana zarya rumfarsa sayen kifin da ba ta ci!

"Ayashi, ba mu misali."

Ya miƙe daga kujerar baya, turarensa na kokawa da ƙarnin sardin.

"No... hablas?"

"Hables! Tun yaushe kake ajin nan? Ko akuya ce ai ta haddace!"

Aji ya kwashe da dariya.

"Malama, kan nawa ne da tauri..."

"To ka tafi da shi Almeriya, tumatir ya koya maka!"

"Almeriya kuma? Wa ya ce..."

Ba ta tsaya ji ba. A hanya ta yi kukan da ta hana 'yan aji, don Allah ya sani tana son mai kifin nan kamar ranta.

Ranar Juma'a, an gama cin kuskus ke nan, har da Lubna, aka buga ƙofa. Sai ga Ayashi cikin farar jallabiya, da mahaifiyarsa Lalla Rahimu rungume da dunƙulen sukari irin na neman aure. Nisrin ta maƙale bayan labule. Ta san in aka mayar musu da sukarin nan, magana ta mutu.

Mahaifiyarta ko kallon sukarin ba ta yi ba.

"Lalla Rahimu, ba zan ɓoye miki ba. Ba na ba da 'yata ga wanda zai tafi Almeriya ya bar ta tana auren waya. Lubna ta gaya mana komai."

Lalla Rahimu ta dafe ƙirji.

"Almeriya? Wannan? Yaron da ko kwalekwale ya hango sai ya yi amai? Ai shi ya sa yake sayar da kifi ba ya kamawa!"

"To Sifaniyancin na mene ne?" in ji mahaifiyar Nisrin.

Ayashi ya sunkuyar da kai.

"Lalla, tun ina yaro nake ciniki da Sifaniyawan garin Sabta da ke nan kusa. Yaren nan ko a mafarki ina yin sa... Malamar nake zuwa gani."

Nisrin ba ta san lokacin da ta banko labule ba.

"Wato da gangan kake kuskure?"

"In na ci jarrabawa ai sallamata za ki yi, hasken idona."

"Har akuya na ce maka fa!"

"Na ji. Ranar ban wanke kunnena ba."

"Nisrin, koma ciki, marar kunya!" in ji uwar, tana danne dariya da gefen mayafi.

 Ta daɗe tana duban sukarin, ta dubi saurayin, ta dubi ƙafar 'yarta da ke leƙowa ta ƙasan labule.

"Yimma..." Nisrin ta kira uwar cikin raɗa. "Don Allah..."

Uwar ta jawo dunƙulen gabanta, ta kware takardar da aka naɗe shi da ita, ta waiwaya lungun da 'yar ƙanwarta ke ƙoƙarin sulalewa.

"Lubna! Tunda ƙafarki ba ta gajiya da kai labari, ɗauko min guduma in fasa sukarin nan. Da wannan za a ɗora shayi."