Ba Za a Goge Kwamfutar Mama Ba

Ran da Auta ta shiga shagon mai gyara rungume da kwamfutar gidansu, idonta jawur yake, bakinta a zumɓure. Mama ce ta sa wa kwamfutar lambar sirri, ta rasu ba ta gaya wa kowa ba, ga muryarta da hotunanta duk suna ciki. Masu gyara uku sun ce sai dai a goge.

Wannan kuwa kujera ya miƙo mata. Ya ce zai buɗe, amma sai ya kwafe komai tukuna, kuma na'urar ta tsufa, sai an lallaɓa. Auta ta riƙa zuwa kullum wai duba aiki, ita da ko sunan waya ɗaya ta cikin na'urar ba ta sani ba.

Ya turo mata saƙo: "Rigimammiyata, yau na ceto hotuna ɗari biyu. Ban buɗe ko ɗaya ba, naki ne. Don Allah ki ci abinci."

Ta mayar: "Sai ka fara ci, Likitana."

Baba ya ji labarin soyayyarsu, ransa ya ɓaci. Shi ɗan abokinsa, mai aikin ofis, ya fi kwanta masa a matsayin mijin Auta. Wannan ɗin ya aiko da sabuwar kwamfuta fil a kwali, ya ce a yar da tsohuwar, ya kuma raɗa wa Baba cewa masu gyara leƙen hotunan mutane suke yi.

Auta ta mayar da kwalin ko buɗewa ba ta yi ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Wanda ya ce in yar da muryar Mama, ba zan zauna gidansa ba."

Baba ya ce a dawo masa da tsohuwar kwamfutar yau ɗin nan. Mai gyara ya kawo da kansa, ya jona a falo, ya cire tsohuwar lambar. Ya ce wa Auta ta sa sabuwa, sannan ya juya ya fuskanci bango.

Auta ta sa, ta kunna wani sauti. Muryar Mama ta cika falon, tana yi wa Baba faɗan ya sake barin tabarau a kan firiji. Baba ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Mai gyara bai waiwayo ba.

"Juyo, ɗana," in ji Baba. "Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya dafa kansu su biyun.

"Allah Ya yi muku albarka. Da tana nan, da ta riga ni yarda."